Faifan da Na Yi wa Maki

Akwai maganar da kuka tashi da ita a gidan nan, kuna faɗinta ba tare da ko ɗar ba, cewa yayanku ne ya sa wa Rabi fim ɗin da ya ɗauke mata baki. Har a bakin 'ya'yanku na ji ta, waɗanda ba a ma haife su ba a lokacin. To ƙarya ce, kuma ni na dasa ta. Ban faɗe ta da bakina ba, shiru na yi har ta zauna. Hannunsa ne ya tura faifan cikin na'ura, wannan gaskiya ne, amma ni na ba da umarni, kuma bayan ya ce mini kada a sa. Ba zan ɓata muku lokaci da jerin makarantun da na koyar ba, wanda ke son wannan ya buɗe akwatin takarduna. Shekara ɗaya nake so ku sani, ita ce ta raba gidan nan biyu, kuma ina so ku ji ta daga gare ni tun hannuna yana iya riƙe biro.

Lokacin da na ajiye aikin koyarwa a nan Gummi, faifan bidiyo ya cika kasuwa. Na Indiya da aka fassara da Hausa, na 'yan China masu tsalle-tsalle, da namu na gida, duk ga su nan a kan tebur a bakin tasha, kuma kusan kowane gida da ke da wuta ya sayi na'urar kallo. Wata rana maƙwabciyarmu ta shigo da faifai a ƙarƙashin hijabi, ta ce maigidanta ya iske yara suna kallon mace da namiji a rungume, ya kusa fasa talabijin, don Allah in duba mata wannan kafin ta sa. Na duba, ban ga komai ba, sai na ɗauko jan biron da na saba yi wa ɗalibai maki da shi, na ja alamar daidai a kan kwalin. Daga nan aka fara. Kafin shekara ta zagayo, babu faifan da ke shiga gidan mutunci a unguwarmu sai da makin Malama Ige. Maza kan tambayi matansu, wannan ya bi ta hannun Malama? In an nuna jan biro, magana ta ƙare. Zan faɗa muku gaskiya, abin ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Matar da ta shekara talatin tana shiga aji ana miƙewa, ranar da ta ajiye aiki ta zama tsohuwa mai tsince wake, sai ga shi an sake ba ta abin da za ta ce ya ci ko ya faɗi. Na riƙe shi da hannu biyu.

Ga yadda nake aikin, don ku san irin alƙalin da unguwa ta dogara da shi. Nakan kashe murya, domin ba na son hayaniya. In zauna da tiren wake a cinya, in danna maɓallin gudu, hotuna su yi ta wucewa a guje, ni kuma ina ɗaga kai lokaci-lokaci. Abu uku kawai nake nema: tsiraici, rawar da mace da namiji ke manne da juna, da kwalbar giya. In babu ukun nan, faifai ya ci. A gefen kowane kwali akwai wata lamba a cikin da'ira, wani sha biyu, wani sha biyar, wani sha takwas a cikin ja, da wasu ƙananan rubutu na Turanci a ƙarƙashi. Na san lambar shekarun mai kallo take nufi. Amma na taɓa ganin faifai mai sha biyu, yarinya tana rawa cikin ruwan sama tufafi sun manne mata a jiki, daga ranar na yanke cewa masu sa lambar nan ba su san kunya ba, don haka ba su da abin da za su gaya mini. Rubutun da ke ƙasa kuwa, ni da na koyar da Turanci har gashina ya yi fari, ban taɓa ɗauko tabarau na karanta shi ba ko sau ɗaya.

A daminar shekarar ce Tumba ta zo. Ku ƙanana kun san ta da Inna Tumba ta Anka, amma ba a Anka ta yi aure ba, wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, wanda yau ko kaza babu a cikinsa. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya ta. Ɓarayin daji sun shiga ƙauyensu da hantsi a kan babura, suka kashe wanda suka kashe, suka sa wa rumbuna wuta. Mijinta yana cikin waɗanda aka harbe a ƙofar gida, kuma 'yarsu Rabi, mai shekara bakwai, tana laɓe a bayan randa tana gani. Suka iso mana da zane ɗaya-ɗaya. Tumba takan yi kuka ta yi magana, ta sake yin kuka. Rabi kuwa ba ta kuka, ba ta magana. In babur ya wuce a kan layi, sai ta nemi ƙarƙashin gado.

Wanda ya dawo da yarinyar nan cikin mutane, yayanku ne. Ku rubuta wannan a ranku. Yana da shekara ashirin, ya gama sakandare, yana jiran a kira shi kwalejin horar da malamai, domin aikina yake so ya gada. Shi ke hawa babur ɗin mahaifinku yana yi masa aike. Tun ranar da ya lura da abin da ƙarar ke yi wa Rabi, sai ya riƙa kashe injin tun daga bakin masallaci, ya turo babur ɗin da hannu har zaure, cikin taɓo, kullum, ba wanda ya sa shi. Yakan zauna nesa da ita kaɗan yana ɓare gyaɗa, ya ajiye mata a murfin kwano, ba ya ce mata komai. Wata uku ana haka. Ranar da ta fara buɗe baki, shi ta kira. Ta ce, Yaya, ƙara. Tumba ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida. Ni kuwa ina gani, zuciyata ta cika, amma ban ce masa sannu ba. Ɗan fari ne, kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Na riƙe wannan al'ada da kyau, har ana misali da ni. Za ku ga abin da na yi da ita.

Ranar Alhamis ce, babu Islamiyya, yara sun cika gida, kuma an kawo wuta tun da sassafe. Ni da Tumba za mu je barkar haihuwa a bayan kasuwa, karo na farko da ta yarda ta fita tun da ta gama takaba. Yara suka dame ni da roƙon a sa musu kallo. Faya-fayan da ke gida duk sun haddace su, sai na tuna da wani sabo da na gani a ɗakin yayanku na ɗauke, kamar yadda dokar gida take ga duk faifan da ba shi da makina. Na Indiya ne, fassarar Hausa, da hoton wani mutum riƙe da bindiga a kwalin. Tun da safe na gudanar da shi ina tsince wake. Na ga gonaki, na ga shanu, na ga maza suna guje-guje da hayaƙi, ban ga mace ko ɗaya tana rawa ba. Har mamaki na yi, na ce ashe Indiyawa ma suna iya yin fim na mutunci. Na ja masa jan biro. Na kira yayanku na miƙa masa, na ce ya sa wa ƙannensa. Ya dubi kwalin, ya dube ni.

"Inna, wanga ba na yara na ba. Dubi lamba, sha takwas ta."

Na ce masa lambar banza ce, mutanen da ke barin 'ya'yansu mata su fita rabi tsirara ba su za su koya mini tarbiyya ba. Ya ce ba maganar tsiraici ba ce, a ƙasan lambar an rubuta dalili, an ce akwai kisa da jini da abin firgita, kuma shi ya kalla, akwai wurin da ake shiga ƙauye. Na yi dariya. Na ce yaran da kowace Sallah suke tsaye a kan rago ana yankawa, su ne jinin talabijin zai tsorata? Sai ya rage murya, don Tumba tana ɗaki tana ɗaura kallabi.

"Rabi hwa, Inna?"

Da a ce ni kaɗai ce da shi, wataƙila da na tsaya na yi tunani. Amma matar da ta zo raka mu barka tana tsaye a bakin ƙofa, ɗaya daga cikin masu kawo mini faifai, tana jin ɗana yana gyara mini maki. Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan, ba wani abu ba.

"Kai za ka koya man riƙon ɗiya? Na duba, na yi maki. Sa masu."

Ya sa. Na gan shi ya je ya tsuguna kusa da Rabi ya ce ta zo su je zaure su ɓare gyaɗa, ta ƙi, don ƙawayenta duk suna gaban talabijin, kuma wa zai hana yarinyar da ta fara dariya zama da 'yan uwanta? Daga baya na ji cewa ya zauna da rimot a hannu yana jiran wurin don ya tsallake shi, sai mahaifinku ya aiko daga shago a kai masa babur yanzu-yanzu. Ya ce wa yaran su tsayar har ya dawo. Yara ne, yana fita suka ci gaba.

Ba mu fi awa ɗaya a gidan barka ba aka zo kiranmu. Tun daga bakin layi muka ji muryar, ba irin kukan yara ba ce, ban taɓa jin irinta ba kuma ba na fatan in sake ji. Muka iske ta a bayan randar ruwanmu, ta cusa kanta tsakanin randa da bango, ta jiƙa zanenta, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Talabijin yana nan yana yi, ba wanda ya tuna ya kashe. Wannan ne karo na farko da na kalli faifan da murya kuma ba a guje ba. Mutane ne a kan babura, fuska a rufe, suna zagaya bukkoki suna sa wuta, an jawo wani mutum an durƙusar da shi a ƙofar gidansa, kuma mai fassarar yana ba su murya da Hausa, Hausarmu, yana cewa fito da shi, fito da shi. Abin da na gani da safe na kira guje-guje da hayaƙi ke nan. Tumba ta yi kan 'yarta. Kowa ya yi kan Tumba. Ni kuwa idona ya sauka a kan tabarma, inda kwalin yake kwance, jan makina yana sama.

Na taka shi da ƙafa, na ja shi ƙarƙashin zanena, na duƙa kamar mai gyara takalmi na ɗauke. Na shiga madafa, tukunyar wake tana kan murhu, na tura shi cikin wuta na ƙara itace a kai. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba, hannuna ne ya riga ni. Ke Asabe kina da shekara tara, kin biyo ni kin ce, Inna, ai kin yi mashi maki, na ce ki rufe mini baki ki je ki ɗebo ruwa. Ban sani ba ko kin tuna. In kin tuna kika yi shiru shekarun nan duka, to ni na koya miki, ba laifinki ba ne.

Bayan la'asar mahaifinku ya tara mu a tsakar gida. Mutum ne mai haƙuri, Allah ya jiƙansa, amma ya ɗauki Tumba da 'yarta amana, kuma ranar ban gane fuskarsa ba. Ya tambayi wanda ya sa faifan, yara suka ce Yaya. Ya tambayi na wane ne, suka ce na Yaya. Matar da ta ji komai ta riga ta sulale gidanta, kuma har ta mutu ba ta ɗaga maganar ba, domin ita ma da makina take rufe bakin mijinta. Sai mahaifinku ya yi tambayar da ta rage.

"Ya bi ta hannun uwarka?"

Yayanku ya ɗago kai. Ya juyo ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, da shi ne da na fi samun sauƙi. Kallon yaro ne da ke jiran uwarsa ta yi magana. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na ja gefen mayafina na rufe baki, irin zaman da ake so uwa ta yi in ana yi wa ɗan farinta faɗa. Duk wanda ya gan ni zai ce kara ce. Na ji lokacin da ya sauke numfashi.

"Ni nis sa, Baba."

Mahaifinku ya mare shi, mari biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yi wa yayanku kaciya. Ya ce ya ɓace masa da gani. Tumba ta fito daga ɗaki da Rabi a kafaɗa, yarinyar ta sandare kamar itace, ta tsaya a gabansa.

"Kai da ta fara kira? Kai ka san abin da ta gani, kas sa mata shi ta sake gani? Ban yahe maka ba. Duniya da lahira ban yahe ba."

Ina zaune. Taku uku ne tsakanina da su. Kalma huɗu ta ishe ni, ni na sa shi, shi ke nan. Na lissafa abin da zai biyo baya: Tumba za ta juyo da wannan bakin a kaina, mahaifinku zai san matarsa ta yi ƙarya da jan biro, unguwa za ta ji cewa Malama ba ta ma kallon abin da take yi wa maki. Na ce a raina shi yaro ne, namiji, za a yi fushi kwana biyu a manta. Wannan lissafin na yi, ina zaune a kan tabarma da mayafi a baki, mata suna cewa kai, Malama akwai kara, ko uffan ba ta ce ba.

Ba a manta ba. Rabi ta koma shiru, wannan karon har abinci sai an ɗura mata. Kafin sati biyu Tumba ta ɗaure kayanta ta tafi Anka wurin dangin mijinta, ta ce ba za ta iya kwana gida ɗaya da shi ba. Yayanku ya koma kwana a shagon wani abokinsa. Takardar kwaleji ta zo, mahaifinku ya ce wanda bai ji tausayin marainiya ba, ba za a damƙa masa 'ya'yan mutane ba, ya jefa ta a aljihun tebur. Na ga takardar, na san inda take, na share teburin nan ya fi sau ɗari. Da kaka ta yi, sai muka ji ya bi wasu samari zuwa Bagega haƙar zinariya, a lokacin da kowa ya riga ya san abin da gubar dalma ta wurin haƙar ta yi wa mutanen can. Ranar da zai tafi ya shigo ya tsuguna a bakin madafa ya ce, Inna, zan tahi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗan jira. Na ci gaba da tuƙa tuwo.

Kun san abin da ya fi ci mini rai? Kasuwata ƙaruwa ta yi. Labari ya zagaya cewa faifai ɗaya tak ya tsallake hannun Malama, ga abin da ya jawo. Mata suka riƙa zuwa har daga wasu unguwanni, suna yi mini jaje suna miƙo faifai. Wani malami ya kawo misalin a wurin wa'azi, bai kama suna ba amma kowa ya gane. Na karɓa, na ci gaba da ja musu biro. Abin da ya canja kawai, na fara sa tabarau a ɓoye ina karanta ƙananan rubutun nan, sai na ga ashe duk abin da nake buƙata yana wurin tun farko: wannan akwai duka, wannan akwai zagi, wannan zai firgita ƙananan yara. Mutanen da na raina sun zauna sun kalli abin da murya daga farko har ƙarshe, sun rubuta mini gargaɗi, ɗana ya karanta mini shi da bakinsa. Har yau ban ce lambarsu ta san kunyarmu ba, ba ta sani ba. Amma ni ma jan birona bai san tsoro ba, bai kuma taɓa tambayar wane yaro ne zai zauna a gaban talabijin ɗin ba. Yanzu da komai ya koma waya, masu tura wa mutane fina-finai suna yanke farkon fim ɗin inda lambar take, ba kwali ba rubutu, kuma har gobe akwai mai turo mini waya ta ce, Malama, mun fi yarda da idonki.

Mahaifinku ya rasu yana riƙe da abin a ransa. Ya yafe masa a baki, amma bai sake ba shi makullin komai ba. Tumba ta yi jinya a Anka, na je na zauna da ita kwana tara, kuma kowace safiya nakan ce yau zan faɗa. A rana ta bakwai ta kama hannuna.

"Yaya, ke kin yi man komi. In da wani abu tsakaninmu na yahe. Ɗanki dai na kasa."

Na gyara mata matashi, na ba ta ruwa. Abin da na yi ke nan. Yayanku a lokacin ya baro ramin zinariya da ciwon kai da ba ya barinsa, ya zauna a Anka yana gyaran injin niƙa, gari ɗaya da ita, shekara da shekaru ba ta amsa sallamarsa. Duk da haka yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Da ya shigo yi wa Rabi ta'aziyya, tana matar aure da goyo, magana ta dawo mata amma da in'ina, sai ta juya fuska ta dubi bango har ya tashi. Ina zaune a gefenta.

Bana da azumi na kira shi a waya na ce zan faɗi gaskiya, zan kuma rubuta muku.

"Inna, wa ar rage? Baba ya tahi, Inna Tumba ta tahi da shi a ranta. Rabi ko ke ɗai ta gare ta. In kin hwaɗa mata, ba ta da uwa kuma. Ki bari."

Ban ji muryar fushi ba, kuma ban ji ta yafiya ba. Muryar mutum ce da ya daɗe da daina jira. Sau biyu ke nan a rayuwarsa yana ce mini in bari, sau biyun kuma ban ji ba. Bayan Sallah ƙarama na shiga mota zuwa Anka, a kan hanyar nan da kowa ke shiga da salati, na sauka gidan Rabi. Ta yi murna, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta dama fura. Na bari ta zauna, na faɗa mata komai yadda na faɗa muku, har kwalin da murhun. Ba ta katse ni ba. Da na gama, ta daɗe tana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Ya... ya ce maki, Rabi hwa?"

Na ce ya ce.

Ta tashi ta ɗauke kwanon furar da ban kai ga sha ba, ta shiga ɗaki ta saki labule. Na zauna har inuwa ta bar tabarmar, sannan na nemi takalmina. Ba ta raka ni ba, kuma tun ranar ba ta ɗaga wayata. Ba na neman ku je ku ba ta haƙuri, kada wanda ya je. Yarinyar nan ta shekara goma sha wani abu tana durƙusa wa wadda ta cuce ta, tana juya wa wanda ya tura babur cikin taɓo saboda ita baya. In ta ɗauki wasu shekarun tana juya mini nawa, ba ta zalunce ni ba.

Da Babbar Sallah matar yayanku ta kira ni. Ta ce an aiko musu da cinyar rago da kwanon tuwo daga gidan Rabi, da saƙon a gaida Yaya. Ta ce ya zauna a gaban kwanon ya daɗe bai buɗe ba. Ni ba a aiko mini ba, haka kuma ya kamata.

Saura abu ɗaya. Shekara talatin da 'yan kai ban kira sunansa ba, ana yaba mini, kuma a bayan wannan yabon na ɓuya ranar da ya dube ni. Ku bar cewa yayanku ne ya sa, ku hana 'ya'yanku faɗa. Ni ce, Ige, uwarku. Shi ya karanta, ya gaya mini, ya tuna da yarinyar lokacin da ni na tuna da sunana. Sunansa Bello.